Kwamfutocina Sun Ƙi Karɓar Windows 11: In Koma Linux Ko Yaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da koyar da kwamfuta a Zariya. Kwamfutocina takwas ne, duk na hannu, tsofaffin Core i3 da i5, RAM ɗin kowace 4GB. Sun ƙi karɓar Windows 11, ga shi an ce Windows 10 ta daina samun gyara. Office ɗin da ke kansu ma, gaskiya, ba na saye ba ne. Wani yarona ya ce in zuba Linux da LibreOffice, wai kyauta ne, har gwamnatocin Turai ma suna komawa kansu. Da gaske ne? In da gaske ne, don me ake ba da su kyauta, kuma za su riƙe mini aikin shago? Firintocina biyu, HP LaserJet P1102 da Canon LBP2900. Muna kuma yin katin biki da CorelDRAW."

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka kashi uku ce: ko labarin gaskiya ne, me ke bayan kyautar, sannan ko za ta ɗauki nauyin shagonka. Yaronka bai yi ƙarya ba. Sai dai in ka tashi gobe da safe ka goge duka takwas ɗin, kafin la'asar za ka fara neman wanda zai mayar maka da Windows. Zuba Linux aikin rabin awa ne. Inda ake faɗuwa shi ne takardun kwastoma, da firinta, da hannun ma'aikatan da ya saba da wani wuri.

Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Ita kuwa Windows 11 tana neman wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai injin ƙarni na 8 zuwa sama. Naka ba su kai ba. Akwai dabarun tilasta mata hawa, amma kwamfuta mai RAM 4GB da tsohon faifan ajiya mai juyawa, ko ta hau, rarrafe za ta yi.

Me ya sa ake ba da su kyauta

Kowace manhaja akwai asalin rubutun da masu ƙirarta suka yi, wanda daga shi ake haɗa abin da kake dannawa. Kamfani irin Microsoft yana ɓoye nasa, ya sayar maka da izinin amfani kawai. Kamar injin markaɗe ne da aka liƙe murfinsa, ba makanikin da zai buɗe sai na kamfanin. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, rubutunta a fili yake, kuma lasisinta ya ba ka dama huɗu: ka yi amfani da ita a kan kowane aiki, ka duba yadda aka gina ta ka sauya, ka kwafa ka ba wani, ka kuma raba wadda ka gyara. Don haka in ka zuba Linux ɗaya a kwamfutoci takwas, ka kuma kwafa wa ɗalibanka a filashi, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Lasisin ne ya ce ka yi.

Richard Stallman ne ya fara wannan tafiya a Amurka a 1983 da shirin GNU, lasisin GPL ya fito a 1989, sannan a 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da ƙashin bayan babbar manhajar da ake kira Linux. Da farko aikin gayya ne, kowa ya kawo abin da ya iya. Yanzu gayyar ta haɗa da manyan kamfanoni, domin su ma a kanta suke cin abinci. Google, Intel, Samsung da sauransu suna biyan ma'aikata albashi don su gyara Linux. IBM ta sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa sayar da kulawa da tallafi a kan Linux, a kan dala biliyan 34 a 2019. Microsoft da kanta ta sayi GitHub, inda ake ajiye yawancin irin waɗannan ayyuka, a kan dala biliyan 7.5 a 2018. Kyautar ke nan: manhajar ba ta da farashi, kuɗin yana wajen kafawa, koyarwa da kulawa.

Kai ma ka daɗe kana amfani da su. Android ɗin da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. VLC da kake kallon bidiyo da ita, da Firefox, duk buɗaɗɗu ne. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun ƙarshen 2017 dukkansu Linux suke amfani da ita. A nan gida, alƙaluman da asibitocin gwamnati ke turawa duk wata, a DHIS2 ake tara su, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, kuma masu zagayen tattara bayanai na ƙungiyoyin lafiya da agaji da ka gani da waya a hannu, da yawansu ODK ko KoboToolbox suke cikewa. Wurin da har yanzu Linux take baya shi ne teburin ofis irin naka: kusan kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a ƙididdigar StatCounter ta 2024.

Batun gwamnatocin Turai

Gaskiya ne, amma yaronka rabin labarin ya ba ka. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice, daga baya kuma Linux. Dalilinta bai tsaya ga kuɗin lasisi ba, tana son bayanan jama'arta su daina dogaro da shawarar wani kamfani na wata ƙasa. Jandarmomin Faransa sun riga su: OpenOffice, magabaciyar LibreOffice, a 2005, Firefox a 2006, sai a 2008 suka fara sauya Windows ɗin kanta da Ubuntu, wani samfurin Linux. A jihar Kerala ta Indiya, makarantun gwamnati sun shafe shekaru suna koyar da yara a kan Linux.

Sauran rabin shi ne birnin Munik. Sun yanke shawara a 2003, zuwa 2013 sun mayar da kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa ta shiga, amma ƙorafin ma'aikata ma na gaske ne: manhajojin wasu ofisoshi na musamman da Windows kaɗai suka sani, da takardun da ke wargajewa in an yi musayarsu da wasu hukumomi.

Ka lura da jerin da jandarmomin suka bi. Sai da ma'aikaci ya saba da sabuwar manhajar rubutu da ta shiga intanet a kan Windows ɗin da ya sani, sannan aka janye Windows ɗin daga ƙarƙashinsa, bai ma ji wani babban canji ba. Wannan jerin nake bi a duk inda na kafa wa makaranta ko shago, kuma shi zan ba ka.

Fara da LibreOffice, kada ka taɓa Windows tukuna

LibreOffice tana hawa kan Windows. Ka sauke ta sau ɗaya, nauyinta bai kai 400MB ba, ka zuba a duka takwas ɗin daga filashi. Writer ce madadin Word, Calc madadin Excel, Impress madadin PowerPoint. Ka ba ta mako biyu zuwa uku ana aikin yau da kullum da ita. Abubuwa uku za ka gyara tun ranar farko, in ba haka ba ma'aikatanka za su tsane ta ba da laifinta ba.

Na farko, tsarin ajiya. Ita da kanta odt take ajiye takarda, kwastoma kuwa docx ya sani. Ka shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, sai General, a wajen Always save as ka zaɓi tsarin Word na docx ga takardun rubutu, ka yi haka ga xlsx da pptx. A wannan shafin ne kuma za ka rage lokacin ajiyar ko-ta-kwana zuwa minti 3 ko 5, saboda ɗauke wuta. Na biyu, girman takarda ya zama A4, domin in an bar ta a kan Letter na Amurka, ƙasan shafi zai riƙa cin layi.

Na uku shi ne wanda ya fi jawo rigima, wato samfurin haruffa. Ɗalibi ya kawo furojet mai shafi 62 da aka buga a Word, ka buɗe ka ga ya koma 64, teburin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa da shafuka, babi na uku ya fara a tsakiyar takarda. Mutane sukan ce manhajar ce ba ta da kyau. Abin da ya faru shi ne kwamfutar ba ta da haruffan da aka yi aikin da su, sai ta ari wasu masu faɗi daban, kowane layi ya ɗan gusa. A kan Windows ba za ka ga wannan sosai ba, tunda haruffan suna nan. A kan Linux za ka gani, kuma maganinsa sananne ne: ka zuba ttf-mscorefonts-installer, wanda ke kawo Times New Roman da Arial na ainihi, sannan fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea. Carlito an yanka ta daidai faɗin Calibri, Caladea kuma daidai Cambria, don haka layi ba ya motsi. Duk da haka, takarda mai akwatunan rubutu da yawa, da hotunan da aka jera a tsakiyar rubutu, da lissafin da aka saka da kayan Word, takan ɗan karkace. Ka kafa doka a shago: wanda ya zo bugawa kawai, a nemi ya kawo PDF, shi ba ya sauyawa a ko'ina.

Calc tana ɗaukar lissafin sakamakon jarrabawa, albashi da kayan shago ba matsala. Inda take tuntuɓe shi ne fayil ɗin Excel mai makro, wato ƙananan umarnin da ake sakawa a ciki don su yi aiki da kansu, wasu su yi aiki, wasu su ƙi. Rumbun bayanai na Access kuwa, kada ma ka sa rai.

Gwaji kafin gogewa

Ga injinan da ka ambata, Linux Mint nake ba da shawara, samfurin Xfce. Fuskarta kusan irin ta Windows 7 ce, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, tana tafiya lafiya da RAM 4GB, kuma jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. A kan Ubuntu aka gina ta, don haka duk bayanin gyara da ka samu na Ubuntu, galibi zai yi maka aiki.

Ka sauke fayil ɗinta daga shafinta na ainihi, kusan 3GB ne. Ka samo filashi mai 8GB wanda ba komai a ciki, ka rubuta ta a kai da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Ka kashe kwamfutar, ka soka filashin, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filashin. Mint za ta tashi gaba ɗaya daga filashin ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan za ka gwada sauti, intanet, allo, da firinta. In ta ƙi ganin Wi-Fi, galibi katin Broadcom ne. Ka haɗa wayarka da kebul ka kunna raba intanet ta USB, sannan ka buɗe Driver Manager, zai nuna maka direban da ya dace. In lokacin zubawa ta ce ba ta ga faifan ajiya ba, ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga tun kafin babbar manhaja ta tashi, ka sauya SATA daga RAID zuwa AHCI.

Kafin ka danna Install, ka kwashe duk takardun da ke kan kwamfutar zuwa wani faifai na waje, ka buɗe kaɗan daga ciki a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Zaɓin Erase disk ba ya tambaya sau biyu. Kuma da guda ɗaya za ka fara, wadda aikinta ya fi sauƙi, ta yi mako guda kafin ka taɓa ta biyu.

In akwai kuɗin da za ka kashe a wannan aiki, ka kashe shi a kan SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai 128GB ko 256GB a madadin tsohon faifan. Bambancin da zai kawo ya fi na sauya babbar manhajar kanta: kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi za ta koma ƙasa da rabin minti. Wata fa'idar kuma, tsohon faifan da ka cire yana nan da Windows ɗinsa, in abu ya ƙi sai ka mayar.

Ba na son a haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya a shago, domin ma'aikaci kullum wadda ya saba zai zaɓa. In dole ne, ka kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux za ta ƙi rubutu a ɓangaren Windows. Za ka kuma ga agogo yana kuskuren awa ɗaya duk lokacin da ka sauya, saboda Linux tana ajiye agogon injin a kan lokacin duniya, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su.

Firintocinka da CorelDRAW

HP ɗin za ta yi aiki. HP tana da direbobinta na Linux da ake kira HPLIP, amma P1102 tana cikin waɗanda ke buƙatar wani ƙarin ɗan fayil. Alamar rashinsa ita ce kwamfuta ta ga firintar, ta ce ta tura aiki, firinta kuwa shiru. Ka haɗa intanet, ka buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, ka rubuta hp-plugin, ka bi abin da ya ce. Sau ɗaya ake yi.

Canon LBP2900 wani zance ne. Tana magana da wani yare nata da ake kira CAPT, direbanta na Linux tsoho ne, kafa shi akwai wahala, kuma yakan tsaya bayan an kashe firinta an kunna. Ana iya sa ta aiki, amma ba zan ɗora cinikin shago a kai ba. Ka bar ta jone da kwamfutar Windows.

Domin dole za ka bar Windows a guda ɗaya ko biyu, saboda CorelDRAW. Ba ta hawa Linux. Inkscape, buɗaɗɗiyar madadinta, tana zane mai kyau, tana ma buɗe wasu fayilolin cdr, sai dai rubutu da inuwa da launi sukan sauya, kuma ba ta kai Corel ba wajen launukan CMYK da masu injin buga kati da kalanda ke aiki da su. Mai injin da za ka kai wa aiki cdr zai tambaye ka. Haka na'urar ɗaukar hoton yatsa ta rijistar jarrabawa, manhajojinta galibi na Windows ne. Wannan iyakar shawarata ce: duk aikin da wani ne a waje ya ƙayyade maka manhajar da za ka yi shi da ita, buɗaɗɗiyar manhaja ba za ta fitar da kai ba. Kwamfutar da ka bari a Windows 10, ka rage mata shiga intanet, kada a riƙa soka mata filashin kowa, kuma in hali ya samu, ita ce za ka fara sauyawa da mai ɗaukar Windows 11 da lasisi na gaske. Lasisi ɗaya ko biyu ya fi takwas sauƙin saye.

Ga masu koyo kuwa, ka yi tunanin inda za su je. Wanda ya iya tsara takarda da salon kanun magana, da teburi, da lissafin SUM da IF, ya iya a ko'ina. Amma ofishin da zai ɗauke shi aiki Word da Excel zai ajiye masa, kuma maɓallan ba wuri ɗaya suke ba. Ka koyar da tushen a LibreOffice, ka ware makon ƙarshe su zauna a kan ta Windows su ga inda komai yake.

Tsaro, wuta da data

Abin da za ka fara jin daɗinsa shi ne bairos ɗin filashi, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Don Windows aka rubuta shi, a Linux ba ya motsi, har ma za ka ga fayilolin da ya ɓoye ka kwaso wa mai su. Shi ya sa ya kamata kwamfutar karɓar filashin kwastoma ta zama cikin na farko da za su koma Linux. Ka dai sani ba ta wanke filashin, in ka kwafi gurɓataccen fayil ka kai wa ta Windows, zai kama ta. Ka kuma huta da manhajojin fasa lasisi, waɗanda sai ka kashe rigakafin kwamfuta kafin su yi aiki, kuma ba ka san me suka shigo da shi ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da ɓaraka. A 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar kare sirrin saƙonni a intanet, kuskuren da ya shafe kusan shekara biyu a fili ba wanda ya lura. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin xz, wata manhajar matse fayiloli, bayan ya ga shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Buɗewar ce ta sa aka kama, amma sai da aka samu mai dubawa. Naka aikin shi ne sabuntawa: ka buɗe Update Manager ko da sau ɗaya a mako, ka kuma kunna Timeshift ya riƙa ɗaukar hoton tsarin, don in sabuntawa ta ɓata wani abu ka koma baya. Don kada kwamfutoci shida su sauke abu ɗaya sau shida su cinye maka data, ka sa apt-cacher-ng a guda ɗaya, sauran su riƙa ɗauka daga wajenta. Kowane ma'aikaci da ɗalibi a buɗe masa asusu marar ikon shugaba, kalmar sirrin shugaba ta zauna a wajenka.

In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, yawanci Mint takan gyara kanta in ta tashi. Wani lokaci kuwa za ka tarar da baƙin allo da kalmar initramfs, yara su ce ta mutu. Ba ta mutu ba. A saman allon za ta faɗi sunan ɓangaren da ya samu matsala, misali /dev/sda2. Ka rubuta fsck -y /dev/sda2, ka jira ta gama, ka rubuta reboot.

Tunda a Zariya kake, aikin Hausa da Larabci ba zai rasa zuwa ba. A saitin allon rubutu na Mint akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Larabci, ka ƙara su ka riƙa sauyawa. In harafi ɗaya kawai kake so a cikin Writer, ka rubuta lambarsa ka danna Alt da X: 0253 ta ba ka ɓ, 0257 ta ba ka ɗ, 0199 ta ba ka ƙ. Manyansu kuma 0181, 018A da 0198. In harafin da ya zo kafin lambar a ne, ko b, c, d, e, f, ka fara da U+ don kada ta haɗe su ta ba ka wani abu daban. Ka rubuta lambobin shida a 'yar takarda ka manna a gefen allon kowace kwamfuta.